TASIRIN GIDAJEN ƘYANƘYASAR KIFIN SAMON A KAN KIFIN KOGI

Gabatarwa

Idan kifi ya fara ƙaranci a kogi, dabarar da za ta fara zuwa zuciyar mutum ita ce a tara ƙwai, a ƙyanƙyashe su a wurin da aka tsare, sannan a zuba 'ya'yan cikin ruwa domin a cike giɓin da aka samu. Fiye da shekara 150 ke nan ana bin wannan dabara a kan wani kifi mai daraja da ake kira samon, kuma har yau masana da masunta da hukumomi suna jayayya a kan ko ta yi amfani ko kuwa ta ƙara dagula al'amari. A cikin wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda abin yake, musamman a gaɓar yammacin Amurka, inda aka fi yin bincike a kan batun.

Kafin in shiga bayani, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi, tun da yake mu ɗaliban harshe ne. Wurin da ake ƙyanƙyashe ƙwan kifi zan kira shi gidan ƙyanƙyasa. Kifin da aka haifa a can zan kira shi kifin gida, shi kuwa wanda uwarsa ta saka ƙwansa a cikin tsakuwar kogi zan kira shi kifin kogi. Haka kuma kada mai karatu ya haɗa wannan aiki da kiwon tarwada da muka sani a nan Nijeriya. Mai kiwon tarwada yana riƙe kifinsa a kududdufi har ya girma ya kai shi kasuwa. Shi kuwa gidan ƙyanƙyasar samon sakin 'ya'yan yake yi tun suna ƙanana, su tafi teku su cuɗanya da 'yan'uwansu na kogi. Daga wannan cuɗanya ne duk matsalolin da zan kawo suka samo asali.

Rayuwar Kifin Samon

Samon kifin ƙasashen sanyi ne. Akwai na Tekun Atilantika, akwai kuma na Tekun Fasifik, wanda a Arewacin Amurka ya kasu kashi 5: cinuk, koho, sokayi, cam da finki. Akwai kuma wani ɗan'uwansu da ake kira sitilhed, wanda rayuwarsa ta yi kama da tasu.

Ana haihuwar samon a cikin ruwan daɗi. Uwar takan tona rami a cikin tsakuwa da wutsiyarta, ta saka ƙwai dubbai, namiji ya zuba maniyyinsa a kansu, sannan ta rufe su. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan sukan zauna a kogi na ɗan lokaci, wasu makonni kaɗan, wasu shekara ɗaya ko biyu, kafin su gangara teku. A teku ne suke yin ƙiba. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai su juyo su kama hanyar kogin da aka haife su, suna bin ƙamshin ruwansa har su isa. Samon na Fasifik da zarar ya yi ƙwai sai ya mutu, gawarsa ta zama abinci ga tsuntsaye da dabbobi, ta zama taki ga itatuwan bakin ruwa.

Wannan ɗabi'a ta komawa gida tana da babban sakamako. Saboda kowane ayari yana komawa koginsa, cikin dubban shekaru kifin kowane kogi ya dace da wurinsa. Lokacin dawowarsa, girman jikinsa, girman ƙwansa, da juriyarsa ga cututtukan wurin, duk sun bambanta da na maƙwabtansa. Wato kowane kogi yana da irinsa, kamar yadda manomi ya san cewa irin geron da ya karɓi wata ƙasa ba lallai ne ya karɓi wata ba.

Yadda Aka Fara

A shekarar 1872 ne wani mutum mai suna Livingston Stone ya kafa gidan ƙyanƙyasar samon na farko a gaɓar yammacin Amurka, a bakin kogin McCloud da ke jihar Kalifoniya. A 1877 aka kafa wani a kogin Clackamas, wanda ruwansa yake ƙarewa a cikin babban kogin Kolambiya. A wancan lokaci masana'antun kifin gwangwani suna kama samon ba ji ba gani, kuma an riga an fara ganin alamun raguwa. Maimakon a taƙaita su, sai aka rungumi gidajen ƙyanƙyasa, domin sun yi alƙawarin cewa za a ci gaba da kamu kuma kifi ba zai ƙare ba.

Daga baya sai ga madatsun ruwa. An kammala madatsar Bonneville a 1938, ta Grand Coulee kuma a farkon shekarun 1940. Ita Grand Coulee ba a yi mata matakalar da kifi zai bi ya haura ba, saboda haka ta toshe wa samon fiye da mil 1,000 na wuraren haihuwarsa. A 1938 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Mitchell, wadda ta zama ginshiƙin ba da kuɗin gina gidajen ƙyanƙyasa a matsayin diyyar abin da aka lalata. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, samon miliyan 10 zuwa 16 ne suke shiga kogin Kolambiya a kowace shekara. A yau ɗan kaso ne kawai na wannan adadi yake dawowa, kuma mafi yawansa kifin gida ne.

Ba Amurka kaɗai ba ce a wannan harka. Idan aka haɗa ta da Japan da Rasha da Kanada da Koriya ta Kudu, ana sakin 'ya'yan samon kimanin biliyan 5 a Arewacin Tekun Fasifik duk shekara.

Tasiri a Kan Halittar Kifin

Abu na farko shi ne abin da zan kira sabo da gida. Kogi tamkar rariya yake. Daga cikin dubban ƙwan da uwa ta saka, kaɗan ne suke rayuwa har su isa teku, kuma waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka iya ɓuya daga maƙiya, suka iya neman abinci, suka jure ambaliya da sanyi. A gidan ƙyanƙyasa kuwa mafi yawan ƙwan suna rayuwa. Can ma akwai rariya, amma wata iri ce dabam: kifin da ya fi bunƙasa shi ne wanda ya jure cunkoso, ya saba da abincin da ake watso masa daga sama, kuma bai ji tsoron inuwar da ta gifta a kansa ba. A cikin kogi, inuwa daga sama tana iya zama tsuntsu mai farauta. Bugu da ƙari, a kogi mace ce take zaɓen wurin saka ƙwai, maza kuma su yi faɗa a kanta, amma a gidan ƙyanƙyasa ma'aikaci ne yake haɗa ƙwan wannan da maniyyin wancan a cikin bokiti.

Da farko an ɗauka cewa sai an daɗe ana kiwo kafin wannan sauyi ya shiga jini. Binciken da aka yi a kan sitilhed na kogin Hood da ke jihar Oregon ya nuna akasin haka. A lokacin binciken akwai wata madatsa a can da duk kifin da zai haura sai an kama shi an ɗebi ɗan samfurin jikinsa, saboda haka masana suka iya gano iyayen kowane kifi ta hanyar ƙwayoyin gado. A 2007 Hitoshi Araki da abokan aikinsa suka buga sakamako a mujallar Science, inda suka nuna cewa ƙarfin barin zuriya a cikin kogi yana raguwa da kimanin kashi 40 cikin 100 a kan kowane zubi ɗaya da aka yi a gidan ƙyanƙyasa. A 2016 kuma wani bincike a kan kifin wannan kogi ya gano cewa zubi ɗaya tak ya isa ya sauya yadda ƙwayoyin gado fiye da 700 suke aiki.

Abu na biyu shi ne gaurayar iri. Ba duk kifin gida ne yake komawa gidan da aka sake shi ba. Wasu sukan ɓace su shiga wasu koguna, su yi barbara da kifin kogi. Idan haka ta yawaita, halayen da suka dace da tankin siminti sai su shiga cikin jinin kifin da rayuwarsa ta dogara da tsakuwa da igiyar ruwa. Daɗin daɗawa, a shekarun baya an riƙa ɗaukar ƙwai daga wannan kogi a kai wancan ba tare da la'akari da bambancinsu ba, abin da ya shafe irin wasu wurare.

Abu na uku shi ne ƙuntatar zuriya. A misali, a ce kogi yana da kifi 1,000, sai aka ɗauki 50 aka kai gidan ƙyanƙyasa. Saboda 'ya'yan waɗannan 50 ɗin suna samun kariya, suna iya zama rabin duk kifin da zai dawo. Yawan kifi ya ƙaru ga ido, amma rabin garken jikokin gida kaɗan ne. Masana biyu, Ryman da Laikre, su ne suka fayyace wannan a 1991. Haɗarin a nan shi ne, bambancin jini shi ne garkuwar kowace halitta a ranar da sabuwar cuta ta ɓulla ko ruwa ya ƙara zafi.

Tasiri a Kan Zaman Tare a Ruwa

Ko da babu barbara tsakaninsu, kasancewar kifin gida a cikin ruwa tana shafar kifin kogi. Yawanci ana sakin 'ya'yan gida da yawa a lokaci guda, kuma sun fi tsaransu na kogi girma saboda ƙoshi. Sukan ƙwace wuraren kiwo, manyansu ma sukan cinye ƙananan 'ya'yan kifin kogi. Haka kuma taron dubban kifaye marasa wayo yana jawo tsuntsaye da manyan kifaye masu farauta, su kuwa idan sun zo ba sa tambayar inda aka haifi abin da suka kama. Cunkoson gidan ƙyanƙyasa kuma wuri ne da cuta take saurin yaɗuwa.

Sai kuma batun teku. An daɗe ana ɗaukar teku a matsayin makiyayar da ba ta da iyaka, amma bincike ya nuna cewa abincinta yana da iyaka. Wani nazari da Ruggerone da Irvine suka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1990 da 2015, kifin gida ya kai kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin dukkan finki da cam da sokayi da ke Arewacin Fasifik. Masana da dama suna danganta raguwar girman jikin wasu nau'o'in samon da wannan gogayyar neman abinci, tare da ɗumamar ruwa. A nan matsalar ta tsallake iyakar ƙasa, domin kifin da aka saka a Japan ko Alaska yana kiwo a wuri ɗaya da kifin kogunan Kanada da Rasha.

A 2023 John McMillan da abokan aikinsa suka tattara bincike 206 da aka buga a duniya a kan tasirin kifin gida ga kifin kogi a dangin samon. Kashi 83 cikin 100 daga cikinsu sun ba da rahoton illa, babba ko ƙarama.

Tasiri a Kan Gudanar da Su

A ganina, illar da ta shafi gudanarwa ba ta gaza ta halitta girma ba. Ta farko ita ce kamun haɗaka. Gidan ƙyanƙyasa yana buƙatar iyaye kaɗan ne kawai domin ya cika tankunansa, saboda haka ana iya kama mafi yawan kifinsa ba tare da an ji a jika ba. Kifin kogi kuwa yana buƙatar iyaye masu yawa su tsira su koma. To amma a teku da bakin kogi duk tare suke tafiya, taru kuma ba ya bambancewa. Idan aka tsayar da adadin kamu bisa abin da kifin gida zai iya jurewa, kifin kogi ne zai biya bashin. Haka ta faru ga koho na gaɓar Oregon da ƙasan kogin Kolambiya a shekarun 1970, inda akwai shekarun da aka kama fiye da kashi 80 cikin 100 na kifin.

Ta biyu ita ce rufe ido. Muddin masunta suna samun kifi, kuma ana ƙirga dubbai suna haura madatsa, jama'a da shugabanni za su ɗauka lafiya lau ake. Kifin gida sai ya zama kamar fentin da aka shafa a kan bangon da gara ta ci. Ana iya shafe shekaru kafin a gane cewa kifin kogi ya kusa ƙarewa, kuma a cikin waɗannan shekaru ba wanda ya matsa a gyara kogin.

Ta uku ita ce rikicin shari'a. Amurka tana da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1973, kuma rukuni 13 na samon da sitilhed na yankin kogin Kolambiya suna ƙarƙashin kariyarta. Tambayar ita ce, idan za a ƙirga kifi domin a san ko yana cikin haɗari, za a haɗa da na gida? A 2001 wani alƙalin tarayya a Oregon, Michael Hogan, ya soke kariyar da aka ba koho na gaɓar jihar, bisa hujjar cewa hukuma ta sanya kifin gida da na kogi a rukuni ɗaya amma ta kare na kogi kaɗai. Hukuncin ya tilasta wa hukuma ta fito da sabuwar manufa a 2005. Wannan misali ne mai kyau ga ɗalibin harshe na yadda ma'anar kalma ɗaya a cikin doka take iya shafar makomar halitta.

Ɗaya Gefen Maganar

Adalci ne in kawo hujjar masu goyon bayan gidajen ƙyanƙyasa, domin ita ma tana da nauyi. Akwai inda gidan ƙyanƙyasa ya hana iri ɓacewa. Sokayi na tafkin Redfish a jihar Aidaho yana tafiyar kimanin mil 900 daga teku, wato fiye da nisan Legas zuwa Kano. An sanya shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa a 1991, kuma a 1992 kifi ɗaya tak ya dawo, namiji. Da ba a adana maniyyinsa an kuma reni sauran 'yan kaɗan a tsare ba, da wuya a ce akwai wannan iri a yau.

Sannan akwai haƙƙin 'yan asalin ƙasar. Ƙabilu irin su Nez Perce da Yakama da Umatilla sun sanya hannu a yarjejeniyoyi da gwamnatin Amurka a 1855, suka ba da ƙasa mai faɗi amma suka riƙe haƙƙin su a wuraren da suka saba. A wurinsu samon abinci ne, kuma ginshiƙin al'ada da ibada. A 1957 madatsar The Dalles ta nutsar da Celilo, wurin su da kasuwancin da suka yi dubban shekaru suna amfani da shi. A 1974 alƙali George Boldt ya yanke hukuncin cewa ƙabilun da ke da yarjejeniya a jihar Washintan suna da haƙƙin rabin kifin da aka halatta kamawa. Ba su ne suka gina madatsun ba, saboda haka idan aka ce a rufe gidajen ƙyanƙyasa alhali madatsun suna nan, su ne za su fara rasa abinci. Wasu ƙabilun ma sun kafa nasu gidajen. Nez Perce sun mayar da koho kogin Clearwater tun daga shekarun 1990, bayan ya ɓace daga yankin. Wani bincike na 2012 a kan cinuk na rafin Johnson a Aidaho, inda kifin kogi kaɗai ake ɗauka a matsayin iyaye, ya nuna cewa yawan kifi ya ƙaru ba tare da an ga babbar illa ga ƙarfin haihuwar na kogi ba.

Gyare-gyaren da Ake Yi

Matakin farko shi ne sanya alama. Ana yanke wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka da ke bayan kifin gida kusa da wutsiya kafin a sake shi. Da wannan masunci zai iya riƙe mai alama ya saki marar alama, masu ƙidaya kuma su san gaskiyar adadin kifin kogi. Sai dai ba duk kifin da aka saki bayan an kama shi ne yake rayuwa ba.

Mataki na biyu shi ne tsara kiwon. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin masana domin duba gidajen ƙyanƙyasa na yankin. Shawararsu ita ce kowane gida ya zaɓi ɗayan hanya biyu: ko dai a ware kifinsa a hana shi isa wuraren haihuwar na kogi, ko kuma a riƙa shigo da kifin kogi a matsayin iyaye ta yadda tasirin kogi zai rinjayi na tanki.

Mataki na uku shi ne dainawa gaba ɗaya a inda kogi yake da lafiya. Jihar Montana ta daina zuba kifin gida na dangin samon a kogunanta a 1974, bayan gwajin da aka yi a kogin Madison ya nuna cewa kifin kogi yana ƙaruwa idan aka daina. Yankin Wales na Birtaniya ya yanke shawarar daina zuba samon a kogunansa a 2014.

Mataki na huɗu, wanda ya fi tsada, shi ne gyara kogin kansa. An rushe madatsu biyu a kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014. An kuma rushe huɗu a kogin Klamath tsakanin 2023 da 2024, kuma kafin ƙarshen 2024 an ga cinuk a wuraren da ya yi fiye da shekara 100 bai isa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ra'ayina shi ne a riƙa yi wa kowane gidan ƙyanƙyasa tambaya ɗaya: don me aka kafa shi? Idan don ceton irin da ya kusa ƙarewa ne, to a auna shi da yawan jikokin da suka koma haihuwa a kogi da kansu. Idan don samar wa masunta kifi ne, to a faɗi haka a fili, a kuma lissafa abin da kifin kogi yake asara. Kuskuren da aka yi shekaru da dama ana yi shi ne auna nasara da yawan 'ya'yan da aka saka cikin ruwa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tarihin kogin Kolambiya ya nuna cewa maganin ma yana da tsada, sannan bai mayar da kifi miliyan 10 zuwa 16 da aka rasa ba. Inda har yanzu kogi yake da tsakuwa mai tsabta da ruwa mai sanyi da buɗaɗɗiyar hanya zuwa teku, abin da ya fi dacewa shi ne a tsare shi tun kafin a kai ga neman gidan ƙyanƙyasa.